Windows, Linux ko Mac: tambayoyin ɗaliban Kebbi kan girka manhajojin bincike

Da zarar lokacin rubuta kundin kammala karatu ya kama, ɗaliban kimiyya daga Aliero zuwa Birnin Kebbi sai su shiga neman wanda zai girka masu manhaja a laftof. Tambayoyinsu ba sa sauyawa sosai, shi ya sa na tattaro waɗanda suka fi yawa.

Malam, an ce sai na goge Windows na sa Linux kafin in yi binciken kimiyya. Haka ne?

Ga mafi yawanku, ba haka ba ne. Fara da sanin manhajar da aikinka yake bukata, ita za ta gaya maka inda take zama. R da Python da QGIS da jamovi da MEGA duk suna aiki a kan Windows da Mac da Linux. Mai kwatanta amfanin irin shinkafa iri uku a fadamar Argungu, ko mai zana taswirar rijiyoyin da ya ɗebi ruwansu a Jega, Windows ɗin da ke hannunsa ya ishe shi. Akwai ma waɗanda Windows kaɗai suka sani, irin ArcGIS Pro.

Maganar Linux tana da tushe dai. Tun shekarar 2017, manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya duk da Linux suke aiki, don haka masu rubuta manhajojin nazarin ƙwayoyin gado da na sinadarai, irin GROMACS, a kansa suke rubutawa kuma a kansa suke gwadawa. Rumbun Bioconda, wanda ke ɗauke da dubban irin waɗannan manhajoji, bai yi wa Windows tanadi ba sam.

To idan tawa manhajar ta Linux ce kawai fa?

Sai ka kira Linux ya zauna cikin Windows ɗinka. Microsoft ta fito da WSL a 2016 don wannan. Ka buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin mai cikakken iko, ka rubuta wsl --install, ka kashe kwamfutar ka kunna, sai ga Ubuntu, wani nau'in Linux, a tagarsa ta daban. Idan ya ƙi, galibi wani saiti ne na BIOS (wurin saiti da ake shiga kafin Windows ya tashi), wanda ke ba kwamfuta damar riƙe babbar manhaja ta biyu a cikinta, ya zo a kashe. Laftof na hannu da yawa haka suke zuwa. Kuma ka ajiye fayilolin aikin a ɓangaren Ubuntu, domin karanto su daga foldojin Windows yana jan ƙafa ƙwarai.

Raba faifai gida biyu, a sa Windows nan Linux can, yana yiwuwa, amma ba na ba mai koyo wannan shawarar ana tsakiyar aikin kundi. A ɗauke wuta ana cikin rabon, batir kuma ya mutu, babi huɗu na iya tafiya. VirtualBox kuwa, wanda shi ma ke iya tafiyar da Linux a taga cikin Windows, yana cin ram. Mai gigabait 4 ya haƙura da shi.

Inda nake cewa a koma Linux gaba ɗaya shi ne tsohuwar laftof da Windows 11 ya ƙi karɓa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Ubuntu mai dogon zango yana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar, kuma kyauta ne.

Abokina ya turo mini fayil ɗin girkawa, amma ya ƙi buɗewa a Mac ɗina.

Na Windows ya turo miki. Mai ƙarewa da .exe ko .msi na Windows ne, .dmg ko .pkg na Mac, .deb na Ubuntu. Ki kuma duba ko Mac ɗin mai ƙwaƙwalwar Intel ne ko mai M1 da ƙannensa, waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen 2020, domin R da Miniconda (mai girka Python da manhajojinsa) suna da fayil daban ga kowanne.

Na girka RStudio amma yana cewa bai ga R ba.

Abubuwa biyu ne. R shi ke yin lissafin, RStudio wurin zama ne kawai. Ka sauke R daga CRAN, rumbunsa na intanet, tukuna. Idan daga baya wani kunshi da kake ƙara wa R ya nemi a harhaɗa shi a Windows, sai ka ƙara kayan harhaɗawa na Rtools wanda lambarsa ta dace da ta R ɗinka.

Fayil ɗin yana nan ina kallonsa, amma manhajar ta ce babu shi. Me ke faruwa?

Nan ne mu Hausawa muke da tamu matsalar. Sunayenmu suna da ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma waƙafin sama irin na Sa'adatu da Mas'udu. Idan da irin wannan suna aka buɗe asusun Windows, to yana cikin adireshin kowane fayil da ke ƙarƙashinsa. Tsofaffin manhajoji da dama ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, waƙafin sama kuma a wurin R da tagar umarnin Linux alama ce ta buɗe zance ko rufe shi, sai umarni ya yanke a tsakiya. Tazara tsakanin kalmomi ma haka take yi. Maganinsa mai sauƙi ne: ki buɗe folda mai gajeren suna kai tsaye a C, kamar C:\bincike, ki riƙa sa wa fayiloli suna irin shinkafa_2024.csv. Hausa mai kyau a cikin kundi, sunan fayil kuwa a bar shi tsirara.

Sai bambancin da ke tsakanin gidajen. Windows yana raba foldoji da \, Linux da Mac da /. A cikin R ki yi amfani da / ko da a Windows kike. Linux kuma yana bambanta babban baƙi da ƙarami, Data.csv da data.csv fayiloli biyu ne a wurinsa, alhali a Windows ɗaya ne. Umarnin da ya yi aiki a laftof ɗinki ya faɗi a na abokiyarki, sau da yawa harafi ɗaya ne tak.

Data ta yi tsada, wuta ba tabbas. Yaya zan yi?

Anaconda, mai zuwa da Python da tarin manhajoji a haɗe, ya kusa gigabait ɗaya, Miniconda kuwa wajen megabait 100 ne, sai ka ƙara abin da kake bukata kaɗai. Mutum ɗaya a aji ya sauke fayilolin girkawa daga shafinsu na asali, a zagaya da su a filas. Lissafi mai nauyi kuma kada ka tayar da shi da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Laftof na rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, balle wadda ƙurar hunturu ta toshe wa fanka. Google Colab yana ba ka aron kwamfuta ta intanet, sai dai yana yankewa idan an bar shi, kuma bayanan marasa lafiya masu suna ba nan ne wurinsu ba.

A kasuwa ana saka SPSS da MATLAB da ɗan kuɗi kaɗan. Laifi ne?

Fasassu ne, ba su da lasin. Mai sakawa yakan ce ka kashe mai gadin kwamfutar kafin ya girka, wannan kaɗai ya isa ya sa ka tsaya ka yi tunani, tunda a nan duk bayananka suke. jamovi da JASP kyauta ne, da danne-danne ake aiki da su kamar SPSS, kuma suna buɗe fayilolinsa. GNU Octave yana karanta yawancin umarnin MATLAB. Ka dai sanar da malamin da ke duba aikinka tun da wuri, don teburan sakamakon ba za su zo da kamar da ya saba gani ba.

Ni da malamina bayanai ɗaya muka sa, amma sakamako ya bambanta. Waye ya yi kuskure?

Wataƙila babu. Ku fara duba lambar fitowar manhajar. A 2019, R 3.6.0 ya sauya yadda yake zaɓen samfuri irin na ƙuri'a, don haka lambar tushe ɗaya (wadda ake sawa don a iya maimaita zaɓin) tana iya ba da zaɓi daban a tsohon R da sabo. Excel ma yana da nasa: yakan mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya su zuwa SEPTIN2 da MARCHF1. Saboda haka ranar da kika gama lissafi, ki buga sessionInfo() a R, ko conda env export idan Python ne, ki ajiye abin da ya fito tare da ɗanyen bayanan da ba a taɓa ba. A babin hanyoyin bincike kuma ki rubuta sunan manhaja, lambarta, da babbar manhajar da kika gudanar da ita a kai.