Kwabon Rumawa ɗaya ba ya kai mutum kurkuku a Ingila

Ana ta yaɗa cewa duk wanda aka kama da tsohon kwabon Rumawa a Ingila gidan yari zai kwana. Ba haka Dokar Taska ta 1996 ta ce ba. Dokar ta shafi mai yawo da na'urar gano ƙarfe, da manomi, da magini, a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Scotland tana da nata tsarin.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne lissafin goma. Sulallan da suka haura shekara 300, idan na zinariya ne ko azurfa, biyu kacal daga wuri ɗaya sun zama taska, wato abin da doka ta ce dole a kai rahotonsa. Na tagulla kuwa, wato waɗanda zinariya ko azurfar cikinsu ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, sai sun cika goma. Kwabo guda mai koren tsatsa, da kyar ake gane kan Sarkin Rumawa Kwanstantin a jikinsa, ba taska ba ne a wannan ma'auni. Sai dai kada mai wayo ya ce zai ɗebo shida yau, biyar jibi. In tare aka binne su, tare ake ƙirga su.

In sun cika, kwana 14 gare ka ka sanar da jami'in binciken shari'a na yankin (eh, shi ne dai mai binciken musabbabin mutuwa), daga ranar da ka same su ko ranar da ka gane taska ce. Ɓoyewa ce laifin, hukuncinta ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko tara, ko duka biyun.

Kuma ba ƙwace ake yi hannu banza ba. A 2010 wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe, Dave Crisp, ya gano tulu ɗauke da sulallan Rumawa 52,503 kusa da garin Frome a Ingila, bai tone shi ba, ya kira masana. An yi musu kuɗi fam 320,250, suka raba shi da mai gonar.

Ni dai lissafin goman nan bai taɓa kwanta mini ba: mai sulalla tara ya sayar da abinsa, mai goma ya bi layi. Kwalkwalin tagulla na Rumawa da aka gano a ƙauyen Crosby Garrett a Ingila ta irin wannan kafar ya sulale, don guda ɗaya ne kuma ba zinariya ba ne ko azurfa, aka yi gwanjonsa fam miliyan 2.3 a 2010. Sai a Yulin 2023 aka ƙara cewa kayan ƙarfe da suka haura shekara 200 masu muhimmanci na musamman, ko guda ɗaya ne, su ma a kai rahotonsu.