Maganar yalo kad: ba ya mutuwa bayan shekara 10, amma kwana 10 ɗin nan da gaske ne

Jama'a wannan sautin muryar da ake ta turawa a guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan kasuwar Agege da Mile 12, wai duk wanda katinsa na rigakafin shawara, wato yalo kad da ake nema wajen tafiya ƙasar waje, ya kai shekara 10 to katin ya mutu sai ya sake allura, wasu ma har cewa suke kowace tafiya sai an yi sabuwa, don Allah a daina yaɗa shi, ba haka dokar ta ce ba.

Da can haka ne, shekara 10 katin ke yi. Amma tun ranar 11 ga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa, allura ɗaya ta zazzaɓin shawara ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma babu ƙasar da ke da hurumin ce maka sai ka ƙara wata don ta farko ta daɗe. Inda ruɗanin ya samo asali a wajenmu shi ne lokacin da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da sabon kati mai lambar da ake haskawa da na'ura, aka daina karɓar tsohon a 2019, sai mutane suka ɗauka allurar ce ta lalace. Takarda aka canza saboda jabu ya yi yawa, abin da ke jikinka yana nan.

Wurin da mutanenmu suka fi faɗawa rami kuwa kwana goman nan ne. Katin ba ya fara aiki ranar da aka tsira maka allura, sai bayan kwana 10 cif, domin a lokacin ne jiki ke gama haɗa garkuwa. To kai jirginka ran Asabar ne, sai ka tashi ran Alhamis ka nufi ofishin Port Health, masu kula da lafiyar matafiya, da ke filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja, an yi maka allura an buga hatimi komai halal, amma ma'aikacin lafiya a can inda ka sauka kwanan watan kawai zai duba ya ƙirga da yatsa, kwana biyu, ya ce ka koma gefe. Doka ta ba shi damar killace ka har kwana 6, wato iya tsawon da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana, wasu ƙasashen kuma ba sa ma wahalar da kansu, jirgin da ya kawo ka shi zai maido ka, kuɗin tikiti da na biza sun bi ruwa. Indiya ba ta wasa da wannan ko kaɗan, masu kai marasa lafiya asibiti can ku kula. Ghana ma tana nema, haka Afirka ta Kudu da Masar da Sin, masu sarin kaya a Guangzhou ku ji da kyau. Ingila da Amurka dai ba sa tambayar sa, amma in za ka ya da zango a wata ƙasa a hanya sai ka duba nata sharaɗin.

Sai batun 'yan "Alhaji kawo fasfo yanzu zan fito maka da shi". Suna nan bakin filin jirgi da tashoshin motocin Kwatano da Lome, za su miƙo maka kati rawaya fes da hatimi ba tare da allura ta taɓa damtsenka ba. Haɗarin wannan biyu ne: na farko, sabon katin a haɗe yake da lambar fasfonka a kwamfuta, rajista ake yi ta intanet a biya ta shafin biyan kuɗi na Remita (naira 2,000 ne lokacin da aka fara), in aka haska ba a ga sunanka ba ka shiga uku. Wanda ya manta ya tuna watan Maris na 2012 da Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga Johannesburg kan zargin katinsu na bogi ne, Najeriya ta rama ta kori nasu, sai da suka ba da haƙuri aka shirya. Na biyu, kati ba ya korar sauro. Shawara ta dawo ƙasar nan tun 2017 daga jihar Kwara, sauron da ke ɗauke da ita ma da rana yake cizo, kuma ba ta da takamaiman magani, in ta yi tsanani ido ya yi rawaya a fara aman jini sai dai addu'a.

Waɗanda ake ɗaga wa ƙafa su ne jarirai 'yan ƙasa da wata 9, masu juna biyu, wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai, da masu raunin garkuwar jiki, sai likita ya rubuta musu takarda, dattawan da suka haura 60 kuma su fara ganin likita tukuna. Amma takardar uzuri ba ta tilasta wa wata ƙasa ta bar ka ka wuce haka nan.

Masu Hajji da Umara naku ya ɗan fi yawa, kuma a nan ne maganar ƙarewar wa'adi take gaskiya. Saudiyya na neman allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, ita ma aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma tana ƙarewa, shekara 3 ko 5 gwargwadon irin wadda aka yi maka. Ga kuma na shan inna, duk da an wanke Najeriya daga asalin cutar a 2020. Na san akwai masu ɗari-ɗari da duk abin da ake kira rigakafi tun abin da ya faru a Kano a 1996 na gwajin maganin Pfizer kan yara, kuma ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba, sai dai a shekarar 1996 ɗin ce dai sanƙarau ya sa Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya zuwa Hajji.

Ni dokar ba ta dame ni ba, abin da ke ci min rai yadda ake amfani da ita a bodojin ƙasa, mai kati na gaskiya a tsare shi ana juya takardar ana neman na goro, wanda ba shi da komai ya danƙa 'yan canji ya wuce. In ka bi ta Seme aka ce maka katinka ya tsufa, ka buɗe shafin da aka rubuta ranar allura da hatimin cibiyar da ta yi, ka ce a haska lambar a gabanka.