Shugaba: daga ina kalmar ta fito, kuma wa ake kira da ita?

Mene ne asalin kalmar?

Ka saurare ta da kyau za ka ji "gaba" a cikinta. Shugaba shi ne wanda ya shiga gaba, sauran jama'a na biye. Tana da 'yan'uwa da aka ƙera su haka. Akwai jagaba, mai jan gaba: a zamanin fatauci, madugu ne uban tafiya, amma jagaba ne ke wucewa gaban ayari yana nuna hanya. Akwai kuma jagora, daga gorar da yaro ke riƙewa yana jan makaho a kasuwa.

To me ya raba shugaba da sarki?

Sarki naɗa shi ake yi, da rawani da gidan sarauta. Shugaba kuwa ko ƙungiyar 'yan acaɓa tana da nata. Shi ya sa sai an ƙara "ƙasa" kafin a gane ana nufin na Abuja ko na Yamai. Na Maroko da Saudiyya har gobe sarki ake ce musu.

Duk shugaban ƙasa ne ke da iko?

A'a, kuma nan ne kalmar ke rikita mutane. A 1963 Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasar Najeriya, amma wuƙa da nama suna hannun Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sai a 1979, da Shehu Shagari ya hau, aka samu shugaba mai cikakken iko na farar hula. Nijar ba ta bi ta wannan hanyar ba: daga 1960 zuwa 1974 Diori Hamani ne shugaban ƙasa, kuma shi ke mulki. Masu juyin mulki kuma "shugaban mulkin soja" ake ce musu, ko da yake Janar Babangida a 1985 ya ɗauki laƙabin farar hula na "shugaban ƙasa" bai cire kaki ba.

'Yan jarida sun iya warware irin wannan. Na Jamus mai riƙe da mulki suna ce masa shugaban gwamnati. A Iran kuma akwai shugaban ƙasa, amma jagoran addini na samansa.

Idan mace ce fa?

Kalmar ba ta sauyawa sai wajen haɗi: shugabar ƙasa, kamar Samia Suluhu Hassan da ta hau mulkin Tanzaniya a 2021. Jam'i kuwa shugabanni, maza ko mata.