Dokar GDPR ba ta hana bayanai fita daga Turai ba

Tun da hukumar kare bayanai ta Ailan ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar Yuro biliyan 1.2 a watan Mayun 2023, ake ta yaɗa cewa da zarar kwafin bayanan wani ya kwana a kwamfutar da ke wajen Tarayyar Turai, an taka doka. Ba haka ba ne.

GDPR, wato dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, kuma ta hau kan duk mai sarrafa bayanan mutanen da ke cikin Tarayyar don yi musu hidima, ko ina yake. Sashe na 44 zuwa 49 sharaɗi suka gindaya: bayanai na iya fita muddin kariyarsu ta bi su. Ko dai ƙasar ta kasance cikin waɗanda Hukumar Tarayyar ta yarda da su, kamar Japan da Birtaniya, ko a rattaba hannu kan yarjejeniyar da hukumar ta tsara.

Inda ake tuntuɓe shi ne yadda rumbunan ajiya ke aiki. A tsari irin Ceph, manhajar da ke rarraba ajiya a kwamfutoci da yawa, ana yanka bayanai gutsi-gutsi, a yi wa kowane gutsure kwafi, galibi uku, sai lissafin CRUSH ya zaɓi kwamfutocin da za su riƙe su. Faifai ya mutu, tsarin ya sake kwafi a wani wuri ba tare da neman izinin kowa ba. Lissafin bai san iyakar ƙasa ba sai wadda aka rubuta masa. Wasu na ganin tunda gutsure ne ya fita, ba komai. Muddin ana iya harhaɗa su a gane mutum, bayanansa ne. Ko leƙa su daga nesa da wani kamfani na waje ya yi, fita ce.

Batun tara kuwa, Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara a duniya, wanda ya fi yawa, shi ne ƙololuwa. Ana duba girman laifi, da ko ganganci ne ko sakaci.

Abin da ke damuna shi ne ƙaramin kamfani. Kotun Tarayyar ta soke yarjejeniyar musayar bayanai da Amurka a Yulin 2020, sabuwa ba ta zo ba sai Yulin 2023. Shekara uku masu lauyoyi suna da mafita, shi kuwa mai injiniya ɗaya yana ta gyara ƙa'idar rabon kwafi ta rumbunsa cikin zulumi.