Waiwaye: Harshen Gida a Makarantun Arewacin Kamaru

A Kamaru, idan aka ce makaranta mai harshe biyu, Faransanci da Ingilishi ake nufi. Abin ya samo asali tun 1916, lokacin da Faransa da Ingila suka ƙwace ƙasar daga hannun Jamus suka raba ta. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, kudancin yankin da ke hannun Ingila ya haɗe da ɓangaren Faransa a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, harsunan nan biyu suka zama na hukuma. Harsunan gida, fiye da 200, ba a ba su gurbi a aji ba.

Masana ne suka fara tayar da zancen. A 1979 aka amince da tsarin haruffa na bai-ɗaya don rubuta harsunan ƙasar. A 1981 Farfesa Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya fara shirin PROPELCA: yaro ya koyi karatu da lissafi da harshensa a ajin farko, Faransanci kuwa da baki kawai, ana ƙara masa lokaci a hankali, zuwa aji huɗu ya karɓi ragama. Tsarin mulkin 1996 da dokar ilimi ta 1998 duk sun ambaci bunƙasa harsunan gida. Daga baya shirin ELAN, na koyarwa da harsunan gida tare da Faransanci, ya shigar da Fulatanci wasu azuzuwan gwaji a arewa.

Matsalar tana cikin ajin kansa. Gwamnati kan tura malami ba tare da duba harshensa ba, sai ka ga ɗan kudu a gaban yara a Marwa, bai iya gaisuwa da Fulatanci ba. Idan aka horar da wani, da zarar an yi masa canjin wurin aiki shirin ya mutu. Aji guda kuma na iya haɗa 'ya'yan Mafa, Tufuri, Barebari, Shuwa da Hausawa, to da wane harshe za a fara? Ga jarrabawar kammala firamare, wato CEP, da Faransanci ake rubuta ta, shi ya sa iyaye ke ganin darasin harshen gida ɓata lokaci ne, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Rikicin yankin masu Ingilishi da ya ɓarke a 2016 ya sake jan hankalin hukuma can. Dokar harsuna ta 2019 ma ta tsaya ne a kan harsunan hukuma biyun nan kawai.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na Hausa. Tana da daidaitaccen rubutun boko, littattafan Kano da Zariya na shigowa kasuwa, yaranmu da yawa sun san baƙi da wasali tun daga makarantar allo. Abin da babu shi ne littafin aji ɗaya zuwa uku da ya bi manhajar Kamaru, da malamin da aka horar a kansa, aka kuma bar shi a makaranta guda har yaran su kai aji huɗu.