Zaɓin bindiga: tasirin fim da makaman hukuma

Zaɓin bindiga shi ne yadda mai saye ke fifita wata ƙira a kan wata, tare da dalilan da ke kai shi ga hakan. Bisa hankali, farashi da doka da aikin da za a sa makamin su ne ya kamata su raba gardama. Sai dai tarihin cinikin makamai ya nuna akwai abu biyu da ke rigan su shiga zuciyar mai saye: abin da ya gani a hannun hukuma, da abin da ya gani a hannun jarumi, a fim ne ko a waƙa. Da wuya a sami wanda ya gwada bindiga goma kafin ya ɗauki ɗaya. Abin da ido ya saba da shi, shi ake tambaya. A Amurka, inda cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta a 2018 cewa farar hula na riƙe da bindiga miliyan 393, a kanti ake ganin wannan tasiri. A ƙasar Katsina da Daura kuwa, inda doka ta taƙaita abin da talaka zai mallaka, ana ganinsa a bakin mutane, a wasan yara, a maƙera, da kuma kasuwar bayan fage.

Fada ce ta fara riƙe ta

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, kuma makamin da fada ya fara sabawa kafin ya san gidan talaka. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya riƙe maharba daga ƙasar Turkawa. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu, maƙwabcin Daura ta arewa, ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera masa igwa a Zindar.

Duk da haka bindiga ba ta zama makamin sarauta ba. Hakimi da ɗan sarki doki da takobi da mashi suka ɗauka abin alfahari, bindiga kuma aka bar ta a hannun bayin sarki. Daga nan ta sami kamanninta biyu: makamin iko ce, amma ba ta ado ba.

Turawa sun ƙara ɗaure wannan tsari. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofar tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. A yaƙe-yaƙen 1903, shekarar da Katsina ta shiga hannun Ingila, mutanen Arewa sun ga aikin bindigar Maxim mai ruwan harsashi. Tun daga lokacin aka sami rabo: mai sarrafa kanta ta gwamnati ce, adaka ta maharbi da manomi.

Ragowar tsohon tsarin na nan a hawan salla. A Ƙofar Soro ta Katsina, ko ranar Hawan Magajiya a Daura, 'yan bindigar sarki kan zo a jere. Kowa ya tsayar da tasa, ya zuba albarushi ta baki, ya danna da sanda, ya ɗaga sama. Ƙara ɗaya, sai farin hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su zabura, mata su rangaɗa guɗa, yara na toshe kunne amma ba sa barin wurin. Babu harsashi a ciki. Da yawan 'yan birni nan suka fara jin ƙarar bindiga, kuma sun ji ta ne a matsayin sanarwar fitowar sarki.

Kwangilar soja da ta 'yan sanda

Inda doka ta yarda farar hula su sayi abin da suke so, babu tallar da ta kai kwangilar gwamnati. Mai saye yana ganin tunda soja ya gwada makami cikin laka da ƙura ya amince, to an hutar da shi bincike. Haka kamfanin Colt ya ci kasuwa da ƙirar da sojan Amurka ya karɓa a 1873, sannan da fistol ɗin 1911, wadda ta yi shekara 74 tana aiki kafin Beretta ta gaje ta a 1985. Da kamfanin SIG Sauer ya ci kwangilar sojan Amurka ta 2017, bai daɗe ba ya fitar wa farar hula kwatankwacin ta soja, har da launin rairayin.

Labarin Glock ya fi kowanne fito da dabarar fili. Gaston Glock, mutumin Ostiriya, bai taɓa ƙera bindiga ba kafin ya ci gwajin sojan ƙasarsa a 1982 da fistol mai gangar jikin roba da ke cin harsashi 17. A lokacin yawancin 'yan sandan Amurka mai harsashi shida suke ɗauka. Kamfanin ya yi musu rangwame mai yawa, ya karɓi tsofaffin bindigoginsu a musaya. Ribar ba ta wajen 'yan sanda take ba. Tana wajen mutumin gari da ya ga abin da ke ƙugun ɗan sandan unguwarsu, ya je kanti ya ce ita yake so.

Har girman harsashi yana bin wannan hanya. Bayan musayar wuta ta Miami a 1986, inda jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka mutu, hukumar ta nemi harsashi mafi ƙarfi, abin da ya haifar da harsashin .40 S&W a 1990. 'Yan sanda suka bi, farar hula suka bi bayansu. Da FBI ta koma harsashin milimita 9 wajen 2015, kasuwa ta sake juyawa da ita.

Fim da wasan kwamfuta

Misalin da aka fi kawowa shi ne Smith & Wesson Model 29. Bindiga ce mai nauyi da bugun hannu, wadda kasuwarta ba ta da wani ƙarfi kafin fim ɗin Dirty Harry na 1971. Bayan fitowarsa sai ta yi wuyar samu, 'yan kasuwa suna sayar da ita sama da farashin kamfani. Walther PPK ma da James Bond aka san ta tun 1962. Wani abin lura: ko ƙarya fim ya yi, tallar tana ci. A Die Hard 2 na 1990 an ce Glock da tangaran aka yi ta a Jamus, kuma na'urar filin jirgi ba ta ganinta. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki, domin a Ostiriya ake yin ta kuma bututunta ƙarfe ne, amma sunan ya zauna a kan mutane.

Wasannin kwamfuta sun ɗora daga nan, suna koya wa yaro sunan ƙira da siffarta tun bai kai shekarun saye ba. Wasu kamfanonin wasa sun riƙa ƙulla yarjejeniya da maƙeran makamai don amfani da sunayensu, har Electronic Arts ya sanar a 2013 cewa ya daina. AR-15, 'yar uwar M16 ta soja, ta bunƙasa bayan ƙarewar dokar Amurka ta 1994 zuwa 2004 da ta hana sayar da irin waɗannan bindigogi, ana tallarta da kamannin soja da kirarin mazantaka. Irin wannan talla ce iyalan waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook ta Amurka a 2012, yara 20 da manya 6, suka kai ƙara a kai. A 2022 aka sasanta da Remington, kamfanin da ya ƙera bindigar da aka yi kisan da ita, kan dala miliyan 73. Wannan shari'a ta nuna cewa siffar da ake zana wa makami ba wasa ba ce, rai take ci.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu, da suka haɗa da bindigogin yaƙi, masu jigida da ƙananan bindigogi irin fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da sufeto janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na uku waɗanda ake ɗurawa ta baki, da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ƙiyasin 2018 ɗin nan ya ce farar hular Najeriya na riƙe da bindiga kusan miliyan 6.2, mafi yawansu ba rajista.

Ma'ana, mutumin Batsari ko Sandamu ba shi da kantin da zai shiga ya nemi irin ta jarumin fim. Sha'awar dai tana nan, hanyar halal ce babu.

AK-47 a Katsina

A nan fim da hukuma bakinsu ya zo ɗaya kan bindiga guda. Mikhail Kalashnikov ya tsara AK-47 a 1947, sojan Tarayyar Sobiyet ya karɓe ta a 1949, tana cin harsashi 30, ba ta damu da ƙura ba. Ita ce a kafaɗar ɗan sanda a shingen hanyar Jibiya da ta Kongwalam. Masana'antar makamai ta gwamnati, DICON ta Kaduna, da aka kafa a 1964, ta ƙera irinta da sunan OBJ-006. Ita ce kuma a finafinan yaƙi da aka sha kallo a sinima da gidajen kallo, daga baya a fassarar Hausa. Yaron da ya fafe kara ya yi bindigar wasa yau, sai ya lanƙwasa mata gidan harsashi a ƙasa, don in babu wannan lanƙwasar abokansa ba za su kira ta bindiga ba.

Rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya, wani kaso ya gangaro ta Sahel. Wasu kuma daga hannun jami'an tsaro ake ƙwace su. A dajin Rugu da kewayensa AK ta wuce makami, ta zama shaidar matsayi, 'yan fashin daji na ɗaukar bidiyo da ita suna sakawa a TikTok, wasu mawaƙa na yi musu kirari. Hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a fim a 2021, amma wayar hannu ba ta bi ta gaban hukumar tacewa.

A ɗaya gefen akwai ɗan sa-kai. Yana kwana a bakin gari da adaka ƙirar maƙerin ƙauyensu, da ƙahon albarushi da tocila. Harbi ɗaya gare shi, sannan ya tsuguna ya sake ɗuri cikin duhu. In damina ce albarushi ya sha raɓa, yana iya jan kunama ta ƙi tashi. Ba a banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. Wanda ya tsaya da wannan gaban mai harsashi 30 ba ya bukatar fim ya gaya masa abin da yake so, kuma zalunci ne a ce sha'awa ce kawai ke jan sa. Amma ko maƙera sun bi yayi: cikin bindigogin ƙirar gida da 'yan sanda ke baje wa 'yan jarida, akwai waɗanda aka yi wa siffar AK tsaf, alhali ba su da ƙarfinta. Siffar ake saye, don ta tsoratar daga nesa.

Maganganun shugabanni ma sun ja mutane gaba da baya. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ba da umarni a Maris 2021 a harbe duk wanda aka gani da AK-47 ba bisa doka ba. A Agustan shekarar Gwamna Aminu Bello Masari ya kira jama'ar Katsina su nemi makami su kare kansu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga, gwamnan Binuwai Samuel Ortom kuma ya nemi izinin AK-47 ga rundunar sa-kan jiharsa. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Katsina da matasa kusan 1,500. Duk lokacin da aka ambaci sunan wannan bindiga daga kan mumbarin mulki, ko don hani ko don nema, darajarta a idon mai sauraro ƙaruwa take.

Sauyin ma'anar kalma

Sauyin ya taɓa harshe. A da in an ce 'yan bindiga a Katsina, mutanen fada ake nufi, masu buga albarushi ranar salla ƙarƙashin Sarkin Bindiga. Yau a rediyo da kasuwa kalmar ta koma kan masu tare hanya da kwashe mutane, har ya zama mai magana kan hawa sai ya ƙara da cewa na sarki kafin a gane su wa yake nufi.