Renon 'Ya'yan Mage A Gida: Yaushe Ake Sabar Da Su Da Mutane?

Masu kiwon maguna don sayarwa, musamman irin na Farisa masu dogon gashi, sun fi sa ido a kan launi da kyan fuska. Shi kuwa mai saye, abin da zai zauna da shi shekara goma sha biyar hali ne: ko mage mai zuwa ta kwanta masa a cinya, ko wadda da ta ji sallama sai ƙarƙashin gado. Yawancin wannan hali a gidan mai kiwo ake gina shi, tun 'ya'yan ba su bar nono ba.

Mage ta haihu. Me zan yi a makon farko?

Aikinka kaɗan ne, uwar ce mai aikin. Bayan ciki na kwana 63 zuwa 65, kowane ɗa yakan zo da nauyin kusan giram 100, ido a rufe, kunne a toshe. Ka tabbatar kowa ya sha dakashi a ranar farko, domin bayan yini guda hanjinsu ba ya iya ɗaukar garkuwar da ke cikinsa. Ka ba su kwali da tsumma mai tsabta a lungun da babu hayaniya. Sai sun kai mako uku ko huɗu suke iya riƙe ɗumin jikinsu, saboda haka lokacin hunturu sanyi ya fi yunwa saurin kashe su.

Ka riƙa auna su kullum a ƙaramin sikelin kicin. Lafiyayyen ɗa yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana. Wanda nauyinsa ya tsaya cik, a kai shi wurin likitan dabbobi tun bai galabaita ba.

An ce idan aka taɓa su uwar za ta ƙi su.

Magen da ta saba da kai ba ta ƙin 'ya'yanta don ƙanshin hannunka. Abin da takan yi idan an dame ta shi ne ta kwashe su ta sauya wuri. Kafin ido ya buɗe, wato kwana 7 zuwa 10, awo da ɗan shafa a gabanta sun isa.

To yaushe ake fara sabon da gaske?

Daga mako na 2 zuwa na 7. Nan ne magana take. Eileen Karsh ta jami'ar Temple a Amurka ta nuna a shekarun 1980 cewa 'ya'yan da aka riƙa ɗauka a wannan tsakani sun fi sakewa da mutane a kan waɗanda aka fara ɗauka bayan mako bakwai, kuma waɗanda suka samu minti 40 a rana sun fi na minti 15. Bayan lokacin ya wuce sabo yana yiwuwa, amma da wahala, kuma sau da yawa mutum ɗaya magen za ta yarda da shi.

Don haka kada ya zama hannunka kaɗai suka sani. Uwargida ta ɗauka, yara su ɗauka suna zaune a ƙasa ana kallonsu, baƙon da ya wanke hannu shi ma ya ɗauka. A taɓa ƙafafu, a leƙa kunne, a buɗe baki, domin gobe za a yanke farce, za a ba da magani. 'Yan Farisa kuwa a fara taje su tun gashin bai kai abin tajewa ba. Su ji ƙarar janareta daga nesa, su ji daka, rediyo da kukan jariri. Kwandon tafiya a bar shi a buɗe su riƙa barci a ciki. Ɗan da ya yi huci ya maƙale, a ajiye shi, a dawo anjima da abinci a hannu. Dole ba ta sa sabo.

Abu guda da nake ganin mutane suna wasa da shi: ba wa ɗan mage yatsa ya ciza. Yana da ban dariya a mako biyar, amma ba ya da daɗi idan ya zama muzuru. A yi wasa da igiya ko gashin kaza a bakin kara.

Uban yana da tasiri, alhali bai ma san su ba?

Yana da shi. Binciken Sandra McCune na 1995 a Ingila ya gano cewa 'ya'yan muzuru mai son mutane sun fi ƙarfin hali ko da ba su taɓa ganinsa ba. Muzuru matsoraci, komai kyansa, ba na barbara ba ne.

Yaye fa? Zan iya ba su madara?

Madarar shanu ko ta gari gudawa take sa su. Marayu akwai madararsu ta musamman, ana ba su duk bayan awa biyu zuwa uku a makon farko, suna kife a kan ciki, sannan a shafa musu ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai wajen mako uku. Masu uwa a fara musu abinci mai laushi a mako na 4. A lokacin ne kuma ake ajiye faranti marar zurfi da yashi, inda za su riƙa fitsari da kashi. Koyarwar ba ta da wuya, sukan bi uwarsu. Mace mai ciki kada ta kwashe yashin, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin mage mai illa ga ɗan tayi.

Wane magani ne ake gudu?

Farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, da feshin maganin sauro a ɗakin da suke, da miya mai albasa ko tafarnuwa. Maganin tsutsar ciki ana fara shi wajen mako na 3 bisa awon likita. Allurar rigakafi ta farko a mako na 8 ko 9, ta biyu bayan mako uku zuwa huɗu, ta ciwon haukan kare daga mako na 12.

Mai saye ya nace yana son ƙarami ɗan wata guda, wai ya fi sabo.

Kada ka ba shi. A wasa da 'yan'uwansa ɗan mage ke koyon iyakar cizo da yakushi: ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi, wasa ya watse. Wani bincike na jami'ar Helsinki a 2017, a kan maguna sama da 5,000, ya nuna waɗanda aka raba da uwa kafin mako 8 sun fi faɗa, waɗanda suka kai mako 14 kuma ba su cika lasar jiki fiye da kima ba. Ƙungiyar rajistar maguna ta Ingila, GCCF, shawararta mako 13 ne. Gaskiya ciyar da su har wata uku yana cin riba, sai dai a saka kuɗin a farashi. Ranar tafiya a haɗa wa mai saye katin rigakafi, ɗan abincin da suka saba da shi da tsumma daga kwalin uwar, a kuma gaya masa macen tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu.